Faifai Takwas, Kati Ɗaya

Hanci ne ya fara gaya masa. Ƙarami ya buɗe shagon hoto da safe kamar kullum, ya share bakin ƙofa, ya wuce ɗakin baya ya danna maɓallin babbar kwamfuta, sai ya ji wani ƙauri irin na roba idan ta taɓa garwashi. Fankokin ciki suna juyawa, 'yan fitilun gaba suna ƙyafta ido, amma fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, in ban da layi ɗaya na Turanci a can sama.

Shekararsa hamsin da tara, gemu ya yi fari fat, amma duk layin Ƙarami ake ce masa, don shagon na yayansa ne, kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake riƙe wa Yaya fitila. Yaya shi ne Mai Hoto. Shi ya ɗauki auren rabin mutanen garin, ya ɗauki 'ya'yansu ranar shiga makaranta, ya ɗauki na fasfo ga waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Aikin shekara arba'in da ɗoriya, duka yana cikin akwatin ƙarfen nan mai tsayin gwiwa wanda yanzu yake ƙauri.

Kuma a nan kaɗai yake. Abin da ya sa Ƙarami ya laluba kujera ya zauna ke nan. Da can akwai fim, wanda ake wanke hoto daga jikinsa, naɗi-naɗi cikin kwalaye har rufi. Shekara shida da suka wuce, da aka gama kwafe su kaf cikin kwamfuta, Ƙarami ne ya zauna wa Yaya a wuya sai an fitar da su. Sun cinye ɗaki guda, suna tara ɓeraye, ga shi abu ne da ƙyas ɗaya ya ishe shi ya tashi da shago. Wata uku yana wannan naci. Ranar da aka loda kwalayen a mota Yaya bai leƙo ba, bai kuma taɓa abincin rana ba. Abu ɗaya ya ce: "Kai ka ce akwatin nan ba ya mantuwa." Ƙarami ya ce ba ya yi.

Yanzu Yaya shekara biyu yana gida, ciwon suga ya tafi da idanunsa. Kullum Ƙarami ya rufe shago sai ya biya ta wajensa, kuma kafin Yaya ya tambayi iyali, kafin ya tambayi kasuwa, akwatin yake fara tambaya.

Ƙarami mutum ne mai hannu. Bai yi nisa a makaranta ba, amma ba kyamarar da ta taɓa gagararsa. Ya ɗauko sukundireba ya buɗe murfin gefe, ya haska. Faifan ajiya guda takwas a jere, ɗaya kan ɗaya, kowanne kamar ƙaramin littafi na ƙarfe. Daga kowanne waya ta fito, duka takwas ɗin sun haɗu a jikin wani koren kati mai faɗin tafin hannu. A tsakiyar katin ga tabo baƙi kamar an kashe taba a wurin. Ya ja ajiyar zuciya. Kati ne ya ƙone, faifan kuwa ko ɗumi ba su yi ba. A tunaninsa abu ya zo da sauƙi, a sayo kati a sa.

To, mai hoto ba shi da abokin gaba kamar ƙura. Wanda ya taso yana ganin ɗigon ƙura ɗaya ya ɓata fuskar amarya ba ya iya ganin ƙura ya kau da kai, balle hankalinsa a tashe, hannu yana neman abin yi. Cikin akwatin kuwa ta yi kauri kamar auduga. Ƙarami ya zare wayoyin, ya fito da faifan ɗaya bayan ɗaya, ya bi su da ɗan burushin da ake goge gilashin kyamara, ya bi su da auduga da sifirit. A gefen kowanne akwai wani guntun salatif da ya tsufa ya yi rawaya, rubutun biron da ke kai ya kusa gogewa. Ya ɓamɓare su duka ya murje a hannu ya jefa kwandon shara. Ya jera faifan a kan tebur suna ƙyalli kamar yau aka saye su, har ya ɗan ji sanyi a ransa.

Kasuwar kayan kwamfuta bene ne mai hawa uku, shago na manne da shago, kowa da kiɗansa. Ya nuna ƙonannen katin a shagon farko mai gilashi da sanyi. Mai kantin ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera.

"Baba, wannan ai sa'an kakana ne. A ina ka tono shi?"

Ya sauko da wani kwali mai sheƙi. Ya ce wannan faifai goma sha shida yake ɗauka, ya ninka tsohon sauri sau huɗu, yana da ɗan batirinsa ko wuta ta ɗauke. Ƙarami ya tambaya ko zai yi aiki da faifansa. Mai kanti ya ce bakin waya iri ɗaya ne, ya jona ya gani. Gaskiya ya faɗa, bakin waya iri ɗaya ne. Ɗan kasuwa ba dole sai ya yi ƙarya yake cutar mutum ba, ya isa ya amsa abin da aka tambaye shi ya bar sauran.

Kafin rana ta take Ƙarami ya dawo, ya dasa sabon kati, ya mayar da faifan yadda hannunsa ya kai, ya jona wayoyi, ya kunna. Fuskar kwamfuta ta yi shuɗi, ga rubutu, ga tambaya a ƙasa. Shi dai a shekarun da ya yi da na'urori ya koyi abu ɗaya, in sun yi tambaya ka ce musu e, sai su wuce. Ya danna. Sai wata tambayar ta fito, wannan karon cikin jan akwati, da alamar motsin rai har uku. Turancinsa na gaisuwa ne da karanta kwalin fim, amma ya gane kalma ɗaya, wadda yake gani a kyamara in za a goge hoto.

Yatsansa yana kan maɓallin. Bai san lokacin da ɗaya hannun ya kai bango ya fizge wayar wuta ba. Fankoki suka yi shiru.

Sai ya kira Injiniya. Mace ce da ta haura arba'in, gajera, da tabarau rataye a zare, ita ta haɗa wa Yaya akwatin tun farko. Da ya kamata ita ya fara kira tun da safe, ya sani, amma ya so ya gyara abinsa shiru ba wanda ya ji. Ta shigo ba ta ko ajiye jaka ba, ta dubi sabon katin, ta dubi kwalinsa, ta dube shi.

"Baba Ƙarami, ka kunna da wannan?"

"Na kunna."

"Ya yi maka tambaya?"

"Biyu."

"Ka danna?"

Ya ce ta farko ya danna. Ta biyun kuwa yana jin bai danna ba. Ta ce yana ji ne ko ya tabbata. Ya sake komawa wurin a ransa, yatsa kan maɓalli, hannu a bango, ya rasa wanne ya riga wanne.

Ta jawo kujera ta zauna, ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mai jinya. Ta ce ba wai kowane faifai yana riƙe da nasa hotunan ba ne. Tsohon katin kowane hoto yanka shi yake yi gunduwa-gunduwa ya raba wa takwas ɗin, kunne a nan, ido a can, gefen mayafi a wancan. Shi kaɗai, ko ɗan gidansu, ya san yadda ake harhaɗa su. Sabon katin kuwa na wani kamfani ne daban. Shi da ya ga faifan, baƙi ya gani, kuma abin da yake yi wa baƙo shi ne ya share shi tas ya yi masa sabon tsari. Tambayar farko galibi ƙofa ce kawai. Ta biyun ita ce wuƙar.

"Galibi," in ji Ƙarami.

"Galibi. Ba zan rantse maka ba."

Ta sunkuya tana zaro faifan, sai ya ga hannunta ya tsaya. Ta juya ɗaya, ta juya na biyu, ta shafa gefen da babban yatsa. Ta tambayi ina salatif ɗin da ke jiki. Ya nuna kwandon shara. Ta zazzage shi a ƙasa, ta warware guntayen da farce. Ga lamba uku, ga wani abu kamar bakwai ko ɗaya, sauran sifirit ya cinye. Ko da sun fito raɗau ma, wa zai ce wanne daga jikin wanne ya fito? Faifan takwas kamar an haife su rana ɗaya.

Ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi hoton mahaifinta guda ɗaya da ya rage a duniya yana cikin akwatin nan, ta daɗe tana cewa za ta zo a wanke mata babba.

Suka koma kasuwa tare da ƙonannen katin a naɗe cikin hankici. Ta ce yau ba mai sauri suke nema ba, ba mai baki goma sha shida ba, ɗan'uwan mamacin suke nema, uwa ɗaya uba ɗaya. Shago bakwai suka shiga. Wani ya ce an daina yi tun tuni. Wani ya ce a ba shi sati uku ya sa a aiko. Wani ya fito da mai kama da shi sak, har Ƙarami ya fara murna, Injiniya ta ɗora tabarau ta bi 'yan ƙananan haruffan da ke gefen, ta mayar. Harafin ƙarshe ya bambanta. Ta ce wannan harafin ɗaya ya isa ya sa ya ƙi gane su.

A ƙarƙashin matakala suka same shi, wajen wani tsoho mai kayan gwanjo wanda ko allon suna ba shi da shi. Ya jawo wani kwali da ƙafa ya ce su duba da kansu, shi bayansa ba ya sunkuyo. Katuna sun fi talatin a cakuɗe da wayoyi da matattun fankoki. Tana ɗagawa tana ajiyewa, Ƙarami yana tsaye yana ƙirga su da ido, kwalin yana ta yin ƙasa. Saura huɗu ta tsaya. Ta haɗa shi da ƙonannen gefe da gefe, ta karanta lambar a fili, harafi-harafi, sau biyu. Ƙura ta yi masa riga, kusurwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Hannun Ƙarami ya kai aljihu wajen hankici zai goge ƙurar, ta buge hannun.

Mai kayan gwanjo ya ce shi bai san ko yana aiki ba, daga wata ma'aikata da aka rufe aka kwaso. In ya yi, sa'arsu, in bai yi ba kada su dawo masa.

A hanya ta ƙarasa masa sauran. Ta ce katunan yanzu suna gane nasu ko ta wace waya aka jona su. Wannan tsohon kuwa ba ta amince masa ba, ta taɓa ganin irinsa ya rikice don an sauya wa faifai biyu wuri. Dole kowanne ya koma mazauninsa, daga sama zuwa ƙasa, yadda suke tun farko. Ƙarami ya ce to a yi ta gwadawa mana har a dace. Ta ce abu takwas, hanyoyin jera su sun haura dubu arba'in, kuma ba ta san a gwaji na nawa katin zai fusata ya rubuta wani abu a kansu ba. Ita ba ta rubuta lambobin jikinsu ba a lokacin. Yaya ne ya manna salatif, shi ya miƙo mata su ɗaya-ɗaya.

Ba ta ce a je wurinsa ba. Ta dai bar shi da maganar.

Matar Yaya tana tsakar gida tana shanya da ya yi sallama. Ta ce yau kuma lafiya, ƙanin miji tun rana ba ta faɗi ba, ko matarsa ce ta kore shi ya zo cin arziki? Da ta ga fuskarsa sai ta ajiye zanin da ke hannunta, ta nuna masa ɗaki da haɓa.

Yaya yana zaune bakin gado, rediyo a cinya, idanunsa a buɗe suna kallon bango. Tun daga takun ƙafa ya gane shi.

"Ƙarami. Akwatin?"

Ya durƙusa a ƙasa abin da rabonsa da yi tun suna samari. Ya faɗi komai, bai rage ba: ƙaurin, sabon katin, maɓallin da bai san ko ya danna ba, salatif ɗin. Yana jiran a ambaci kwalayen fim. Shekara shida yana jiran ranar da za a ambace su.

Yaya ya kashe rediyo. Babban yatsansa yana ta shafa gefen rediyon, sama da ƙasa. Can ya tambaya ko da yashi Ƙarami ya goge su. Ya ce a'a, auduga da sifirit. Ya tambaya ko ya kankare ƙarfen da wani abu. Ya ce a'a.

"Miƙo min takalmina."

Rabon Yaya da shagon shekara biyu. Mutanen layi suka yi ta miƙewa suna gaishe shi, yana ɗaga hannu bai tsaya ba. A bakin ƙofa ya saki kafaɗar Ƙarami, ya shiga shi kaɗai, ya kauce wa kantar shagon, ya sunkuyar da kai daidai inda saman ƙofar ɗakin baya ya yi ƙasa. Ya zauna gaban tebur ya ce a ba shi ɗaya.

Ya juya faifan, ya bi gefen ƙasa da ɗan yatsa, can kusa da ramin sukuru. Ya ce huɗu, ya ajiye a dama. Injiniya ta ɗauka ta kai kusa da fitila ta karkata shi. Sai ga su, 'yan tsaga huɗu sirara kamar gashi, an ja su da tsinin ƙusa.

Ƙarami ya matso ya duba. Ya san wannan tsagar. Tana jikin kwalaben maganin wanki, tana jikin tire-tiren ɗakin duhu, tana gefen kowane gwangwanin fim da ya loda a mota da hannunsa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a ɗakin da ba a kunna fitila, komai nasa da yatsa yake karantawa.

"Salatif ɗin don kai na manna," in ji Yaya. "Kai mai ido."

Ɗaya, takwas, biyu, biyar, uku. Saura biyu a gabansa, ya shafa wannan ya shafa wancan, ya koma. Ya ce duka biyun shida yake ji. Injiniya ta miƙa hannu za ta duba da fitila, ya ce ta bari. Ya goge yatsan a riga, ya sa farce maimakon tsoka, ya ja a hankali, leɓensa yana motsi. A na hagun farcen ya ƙara tsayawa sau ɗaya, can gefe, inda hannu ya goce ranar da aka yi tsagar. Ya ce bakwai.

Ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ita dai ta jona.

Ta cire sabon katin ta ajiye can nesa, ta dasa na gwanjo da ƙurarsa, ta jera faifan daga sama zuwa ƙasa tana kiran lamba Yaya yana amsawa. Ta ce wa Ƙarami ya mayar da wayar wuta. Sau biyu yana kuskure ramin.

Fankoki suka tashi. Ba ƙauri. Fitilun gaba suka fara kamawa ɗaya-ɗaya, ta biyar ta yi jinkiri, sannan ta kama. Rubutu ya fito, da tambaya a ƙasa. Injiniya ta ɗaga hannayenta biyu daga kan maɓallan, ta karanta a zuci, ta sake karantawa, sannan ta fassara musu. Katin ya ce ya ga tsohon tsari a jikin faifai takwas, yana tambaya ko ya karɓe shi yadda yake.

Tsohon tsari. Wato jan akwatin nan na tambaya ta biyu bai sami amsarsa ba. Ƙarami ya jingina da bango ya zame har ƙasa.

Ta danna. Aka jira abin da bai fi minti uku ba, Ƙarami ya tsufa a ciki. Sai ga jerin shekaru sun sauko a fuskar kwamfutar, tun daga ta farko.

Yaya ya ce a buɗe shekarar farko, hoto na farko. Ta buɗe. Ya ce Ƙarami ya gaya masa abin da ke ciki.

Ƙarami ya taso ya matso. Ya ce Inna ce, tsaye a ƙofar tsohon gida, ta kare rana da hannu ɗaya, tana harara don ba ta so a ɗauka ba. Yaya ya ce a gefen hagu fa? Ya ce akwai rabin wani yaro, kunne da kafaɗa, ya shigo hoto ba a kira shi ba.

"Kunnen yana nan?"

"Yana nan, Yaya."

"To."

Injiniya ba ta bari sun sarara ba. Ta ce katin nan sa'an wanda ya mutu ne, ba wanda ya san kwana nawa ya rage masa, kuma a garin nan ba ta ga na uku ba. Faifai na biyar ma ba ta son yadda ya yi jinkirin nan. Yau ɗin nan za a fara kwashe komai zuwa wani wuri dabam, kwafi biyu, ɗaya ya kwana a wani gida. Zai ɗauki kwana biyu ana yi, kuma a kwana biyun nan kada a kashe, kada a matsar, kada a taɓa.

Ta fita ɗauko kayan kwafar. Yaya ya ce shi ba inda za shi, a kawo masa matashi. Ya jawo kujerarsa kusa da akwatin ya kara kunne, yana sauraron faifan suna aiki, wani ɗan ƙas-ƙas yana fitowa daga tsakiya jifa-jifa. Ƙarami ya zauna a ɗaya kujerar. Idonsa ya sauka kan katin gwanjon, ƙura kwance a kansa yadda aka ciro shi daga kwali, ga burushi nan a kan tebur, kamu ɗaya daga hannunsa.

"Ƙarami," in ji Yaya, bai juyo ba.

"Na'am."

"Zauna a kan hannunka."

Ya tura hannayen biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zuba wa fitila ta biyar ido.